Adalci da Ma'aunin Kujerar Direba

Kujerar direba wuri ne da ake yanke wa jikin mutum hukunci tun kafin ya shiga mota, domin injiniyoyi sun riga sun ƙayyade tazarar da ke tsakanin mazauni da birki, da wadda ke tsakanin gwiwa da sitiyari. Al'adar masana'antar ita ce a yi tanadi tun daga macen da kashi 5 cikin 100 na mata ne kaɗai ba su kai ta girma ba, har zuwa namijin da kashi 5 cikin 100 na maza ne kaɗai suka fi shi. Wanda ya zarce wannan iyaka sai ya yi tuƙi gwiwoyinsa a tokare, ƙafarsa tana jinkirin tashi daga totur zuwa birki, kuma a nan tambaya ta taso: shin ma'aunin da ya wadaci mafi yawan jama'a ya cancanci a kira shi adalci?

Tushen matsalar shi ne ra'ayin "matsakaicin mutum", wanda masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya yaɗa a 1835, wato a tara awon mutane da yawa a raba, sannan a ɗauki sakamakon a matsayin siffar ɗan Adam ta asali. Gilbert Daniels ya rushe wannan zato a rahotonsa na 1952, bayan ya duba awon matuƙa jiragen sojan saman Amurka 4,063 ta fuskoki goma, kamar tsayi da kewayen ƙirji da tsawon hannu, bai samu ko mutum ɗaya da ya zama matsakaici a dukkansu ba. Ma'anar wannan ita ce kujerar da aka yi domin kowa ba ta dace da kowa ba, shi ya sa rundunar ta koma neman kujerun da ake iya matsarwa.

Malaman Musulunci sun daɗe suna fassara adalci da ajiye kowane abu a muhallinsa, abin da ya sha bamban da ba kowa rabo iri ɗaya, kuma fiƙihu ya gina babin rangwame a kan haka, inda wanda tsayuwa ta gagara yake salla a zaune ba tare da an ce ya tauye ibadarsa ba. Aristotle ma ya kawo misalin ma'aunin dalma na maginan tsibirin Lesbos, wanda yake lanƙwasawa ya bi siffar dutse. Haka ya kamata ma'aunin kujera ya bi siffar jiki: dogon mutum bai zaɓi tsawon cinyarsa ba, halitta ce, saboda haka nauyin gyara yana wuyan maƙeri: ya tsawaita ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, ya sa sitiyari ya riƙa jawuwa da ɗagawa, ya ba kai sarari.

Sai dai mota ɗaki ce mai iyaka, kuma duk santimitar da direba ya samu, daga gwiwar na bayansa aka ɗebo ta. Haka nan wanda ya kai motarsa wurin mai walda domin a mayar da kujera baya yana iya raunana mariƙinta, ya kuma sauya yadda bel da jakar iska za su tare shi ranar haɗari, alhali kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Duk da haka buƙatar direba ta rinjayi ta fasinja, domin ƙuncin fasinja gajiya ce ta mutum ɗaya, ƙuncin direba kuwa barazana ce ga duk wanda ke cikin motar da wanda ke kan hanya. Wannan ne ya sa abin da ake gani a wasu tashoshin Nijeriya, inda ake cusa fasinja a gefen kujerar direba domin ƙarin kuɗin mutum ɗaya, ya wuce batun rashin jin daɗi, domin wurin da ƙafar direba take buƙata ta taka birki ne aka sayar.