John Bright da Iyakar Lamiri

Tsohuwar tambaya ce a ilimin ɗabi'a ko lamiri, wato muryar da ke hukunta mutum daga cikin zuciyarsa, yana iya tsayawa daidai idan dukiyar mai shi ce a kan sikeli. Rayuwar John Bright, wanda aka haifa a garin Rochdale na Ingila a 1811, ya gaji masaƙar auduga ta mahaifinsa, ya kuma daɗe a majalisar dokoki, ta nuna nauyin wannan tambaya.

Bright mabiyin ɗariƙar Quaker ne, Kiristocin da ke ƙin yaƙi bisa aƙidar cewa kowane rai yana ɗauke da hasken Ubangiji. Saboda wannan aƙida ya soki yaƙin Kirimiya a lokacin da jama'a ke goyon bayansa, abin da ya taimaka wajen rasa kujerarsa ta Manchesta a 1857, kuma a 1882 ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin Firayim Minista Gladstone bayan jiragen ruwan Birtaniya sun yi wa birnin Iskandariya na Masar ruwan wuta. Ba ƙaramin mutum ke barin mulki domin jinin baƙi ba.

Sai dai mutumin da ya yi gwagwarmayar soke harajin hatsi domin burodi ya yi wa talaka araha, shi ne kuma ya yi adawa da dokar 1847 wadda ta taƙaita aikin mata da matasa a masaƙu zuwa awa goma a rana, yana ganin hakan katsalandan ne ga 'yancin ciniki. Zai yi wuya a kira shi munafuki, domin ya yarda da hujjarsa da zuciya ɗaya, amma abin damuwa shi ne hujjar ta zo daidai da maslahar masu masaƙa, waɗanda shi ma ɗayansu ne.