Shin Harshe Yana Lalacewa?

Dattawan Hausawa a Parakou sukan yi ƙorafi cewa yaran da suka tashi a unguwanni irin su Titirou sun ɓata Hausa, sun cika ta da kalmomin Dendi da Faransanci. Damuwarsu tana da tushe, gama yaron da ya rasa harshen kakarsa ya rasa tatsuniyoyinta duka. Amma wane harshe ne bai taɓa gauraya ba?

Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19 sukan yada zango a Djougou. Can suka tarar da Dendi, ɗan'uwan Zabarmanci, wanda shi ma baƙo ne, ciniki ya gangaro da shi daga bakin Kwara. Hausar fataken kuwa ba tsantsa ba ce: "littafi" daga Larabci yake, "kasuwa" ta hannun Barebari ta shigo.

Littafin Farawa sura 11 ya danganta rikicewar harsuna da girmankan mutanen Babila. Duk da haka, a ranar Fentikos ba a komar da jama'a ga harshe guda ba. Balarabe da mutumin Masar, kowa ya ji bishara da harshen garinsu.