In Albashi Ya Makara, Amana Ta Faɗi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ga tambaya wadda ta shafi mai shago da yaronsa, ta shafi gwamnati da ma'aikatanta: idan mai aiki ya riƙe albashi, shin nauyin amana ya sauka daga wuyan ma'aikaci?

Dattawanmu ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da ma'aikatan gwamnatin Nijar suka yi watanni suna bin bashin albashi, ga kuma karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. A irin wannan ƙunci ne zuciya take fara yi wa mutum fatawar da ta yi masa daɗi.

Mu fara da mai aiki. A fiƙihun Malikiyya, ijara ba ta inganta sai an san lada, an kuma san aikin ko wa'adinsa. Lada bashi ne. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki, sannan ya hana shi ladansa, yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Jinkirin mai hali zalunci ne. Wanda kuwa ya rasa da gaske, wajibi ne ya faɗa wa ma'aikatansa gaskiya, ya sa musu rana, ya kuma fara rage jin daɗin kansa.

To, ma'aikaci fa? Yana da haƙƙin ya nemi kuɗinsa, ya kai ƙara wurin masu binciken ƙwadago, ya shiga yajin aiki a fili kamar yadda doka ta yarda, ko ya ajiye aikin. Duk waɗannan a sarari ake yin su, mai aiki yana sane. Abin da bai halatta ba shi ne ya sa hannu a rajista da safe ya sulale kasuwa, ko ya karɓi cin hanci wurin talaka.

Wani zai ce: ai Annabi ya ba Hindu, matar Abu Sufyana, izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ƴaƴanta daga dukiyar mijinta. Gaskiya ne, kuma malamai sun yi saɓani kan faɗin wannan izini. Amma Hindu daga dukiyar wanda haƙƙinta yake kansa ta ɗiba. Maras lafiyar da ya zo asibiti, da ɗalibin da yake jiran malami, su ba su riƙe wa kowa albashi ba. Wanda ya fanshe a kansu ya mayar da kansa azzalumi na biyu.

Saboda haka bashi biyu ne, kowane da ranar hisabinsa. Mai aiki ya biya kan lokaci, ma'aikaci ya nemi haƙƙinsa ta ƙofa.

Allah ya tsare mu daga cin gumin wani, ya sa albarka cikin abin da muke samu. Amin.