Tiyon Manomi da Na'urar Gwajin Magani

A bakin dam ɗin Guzuguzu da ke ƙasar Kabo, mai noman rani ba ya jiran bakanike ya faɗa masa abin da ke damun injin ban-ruwa. Tiyo yake taɓawa. Idan ya sandare, ruwa yana tsartuwa ta inda aka ɗaure da roba, amma kaɗan ke isa fangali, ya san toshewa ce a gaba: ko tiyon ya lanƙwashe, ko laka ta cushe shi. Idan kuwa ya yi lakwas, ruwa na zuwa yana yankewa, to injin ya sha iska, ko wani wuri na yoyo.

Irin wannan lura ake buƙata wajen HPLC, na'urar da ɗakunan gwaji irin na NAFDAC ke auna ingancin magani da ita, ko gano gubar aflatoksin a gyaɗa da masara. Famfonta na tura ruwan sinadari cikin siririn bututun ƙarfe da aka danƙare da garin silika, ƙwayarsa sau da yawa mikron 5 ce kacal. Ratsa wannan gari sai da ƙarfi, shi ya sa ake ƙera na'urar ta jure matsi har bar 400, kusan ninki 400 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Matsin kansa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko ya canza daga yadda aka saba gani.

Idan matsin ya hau, mai gaggawa sai ya ɗora wa bututun silika laifi, ya sayo sabo da tsada, alhali 'yar rariyar bakinsa ce datti ya toshe. Wanda ya san aiki yana kwance mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe yana komawa wajen famfo. Inda lambar matsi ta faɗi, nan cutar take. Sau da yawa samfuri ne ba a tace ba, ko gishirin sinadari ya daskare a ciki. Ko sanyin hunturu yana ɗan ɗaga lambar, domin ruwa na ƙara kauri.

Ɗalibanmu na Gwarzo da Kabo masu karatun kimiyya da haɗa magunguna, idan kun samu kanku gaban wannan na'ura, ku tace samfuri da matatar mikron 0.45, kuma ku riƙa rubuta lambar matsi a littafi kullum kafin ku fara aiki.