FAIFAN INNA YA SHIGA KWALEJI

Yau wata 'yar magana ce ta cikin gidanmu zan kawo muku, wadda ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, don na san ba gidanmu kaɗai irinta za ta faru ba.

Ni 'yar Wurno ce, aure ne ya kai ni Goronyo. Ina da ƙanwa, autarmu, wadda tun tana 'yar mitsitsiya ba ta da aiki sai zane. Ta zana a ƙasa, ta zana a bangon ɗaki da gawayi ta sha duka, jajiberin sallah kuwa 'yan matan unguwa layi suke yi ta sa musu lalle. Da ta gama sakandare ta ce ita fannin zane-zane za ta karanta a kwaleji, sai gida ya ɗauki zafi. Baffanmu ya ce ga aikin jinya ga malanta, don me za a biya kuɗi a koya wa yarinya wasan yara? Wasu kuma suka kawo maganar hukuncin zana abu mai rai. Wannan kam fagen malamai ne, ni ba malama ba ce, kuma an je an tambaye su. Abin da ya kashe gardamar shi ne mahaifinmu ya ɗauko allon saukarsa ya nuna zayyanar da ke jiki, ya ce wannan ma ai zane ne, kuma mai tsoron Allah ne ya yi shi. Aka bar ta ta tafi, bisa sharaɗin ta tsaya inda babu shubuha.

To, ashe ba nan gizo yake saƙar ba.

Shekarar farko abin da take kawo mana hutu shi ne zanen kwalba da kujera, da maganar haske da inuwa, da sunayen wasu gwanayen Italiya da harshe ba ya iya kamawa. Kakarmu, wadda muke kira Inna, ta fi shekara 50 tana saƙar faifai, ita take rina kabarta da kanta, jan kuwa da karan dafi take yin sa. Wata rana na ji yarinyar nan da kunnena tana cewa wai abin Inna sana'ar hannu ce kawai, ba fasaha ba ce. Wallahi sai da na ji kamar in kwaɗa mata mari.

Ana nan, a shekarar ƙarshe wani malaminsu, Allah Ya saka masa, ya ce kowane ɗalibi ya koma gidansu ya samo abin da zai yi aikin gamawa a kai. Sai ga 'yar gidan a gaban Inna, ta naɗe ƙafa, mako uku cur tana kallon yadda ake jera launi. Ta ɗauki zanen wani faifai, ta faɗaɗa shi a kan ƙyalle, ta ƙawata. Ita ta fi kowa maki. A wajen baje kolin ɗalibai wani mai hali ya saye shi, da kuɗin da Inna ba ta taɓa haɗa irinsa ba ko da faifan shekara guda. A kusurwar ƙyallen kuwa sunan ƙanwata ne ɓaro-ɓaro.

Da aka nuna wa Inna hoton a waya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Madalla. To ke ɗiyag ga, su waɗanda sunka ba ki makin, sun san wadda tay yi shi?"

Ƙanwata ta yi dariya ta ɗauka wasan jika da kaka ne. Ni kuwa tun daga ranar nake tambayar kaina, shin abin nan da ta yi gado ta ci, ko kuwa ɗauka ta yi ba da sani ba?

Kada ku ce ina ƙin a kai kayan gida makaranta. Ko kusa! Hasali ma wannan faɗan an daɗe da yin sa a ƙasar nan. A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don sun gaji da a riƙa koya musu zane kamar a Ingila aka haife su. Suka ce za su karɓi dabarar Turawa, amma su gina ta a kan abin da suka tarar a gida. Wannan kwalejin ce ta shiga cikin jami'ar da aka buɗe a 1962 da sunan ɗan Rabah ɗinmu, Sardauna Ahmadu Bello. Shi Uche Okeke zanen uli ya kama, wani ado ne da matan Ibo suke yi a jiki da bango, kusan kamar lallenmu, kuma bai ɓoye ba cewa mahaifiyarsa gwanar abin ce, wurinta ya tsotsa. Kun ji inda ya burge ni ke nan.

Can Amurka ma akwai wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar da ake kira Nabaho, su kuma suna kiran kansu Dine. A 1968 suka buɗe kwalejin kansu a jihar Arizona, ita ce ta farko da wata ƙabilar asalin ƙasar ta mallaka, kuma daga baya ta shiga ba da digiri a fannin fasaha wanda saƙa da ƙirar azurfa irin tasu suke ciki. Me ya kai su ga haka? Matansu masaƙa ne na gaske, uwa ke koya wa 'ya. Amma tsawon zamani fatake suna sayen dardumominsu suna kaiwa birane, a kira darduma da sunan wurin da aka saye ta, ita kuwa wadda ta kwashe watanni a gaban masaƙa ba wanda ya san ta. Da suka mallaki makaranta, sai ilmin tsofaffinsu ya zama shi ne darasi, ba abin da ake leƙowa a tsakura a gudu ba.

Mu Sakkwatawa ai bai kamata wannan ya zama baƙon labari a gare mu ba. Fatar jar akuyarmu, da majemanmu suka jeme, ayari ya ƙetare Sahara da ita, da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko. Aikin namu, sunan na wani.

Sai dai fa in yi wa ƙanwata adalci, don ta kawo hujja mai ƙarfi. Ta ce, "Yaya, faifai nawa kika taɓa gani da sunan mai shi? Ita Innar ma ai ba ita ta ƙago ba." Inna kuwa ba ta musa ba, ta ce, "Gaskiya tata, wurin gwaggona nik koya, ita ko ban san inda tas samo ba." Ta ƙara da cewa ita ma ta zuba guminta, ta auna, ta haɗa launi, ta kwana ba barci. Duk haka ne. Na kwana biyu ba ni da amsa.

Abin da na gano daga baya shi ne, lokacin da ba wanda yake sa suna, ba a cuci kowa ba. Zanen na kowa ne kamar rijiyar unguwa, kowace mace ta ja ta ba maƙwabciya. Amma ranar da mutum ɗaya ya rubuta sunansa a kai, ya karɓi takardar shaida da kuɗi, to ya yi wa rijiyar murfi ya riƙe mabuɗi, ko da bai yi nufin haka ba. Makaranta ita ta zo da wannan al'adar ta sa suna, don haka ita ya kamata ta koya wa yaranmu su faɗi inda suka ɗebo. In ɗalibi ya kwafi littafin wani bai ambace shi ba korarsa ake yi. To don me tsohuwa ba za ta sami darajar littafi ba?

Kuma abin yana yiwuwa. Ku ciro naira 20 ku dubi bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce. Ba ta yi boko ba, wurin wata gwaggonta ta koyi ginin. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, aka bar ta da zanenta da sunanta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984. Amma ko ita, wa ya san sunan gwaggon a cikinmu?

Mun yi ta cacar baki da ƙanwata har muka yi wata guda ba ma waya. Da ta tashi yin aiki na biyu sai ta zo Wurno da shi kafin kowa ya gani. A ƙasan sunanta ta rubuta na Inna, da ajami, don shi tsohuwar take karantawa. Inna ta matso da shi kusa da ido, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru. Can sai ta ce jan bai yi ba, wai na kanti ne, bai kai karan dafi ba.

Maganar kuɗin ƙyallen farko kuwa har yau ba a gama ta ba. Ni na ce a raba biyu. Ƙanwata ta saya mata turmin atamfa da goro, tana ganin ta fita. Inna ta ɗinka atamfar, da ita take zuwa suna, kuma ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ko ni da nake tsokanarta.