Wa zai biya kuɗin waƙar da masu jin ta ba su da yawa?

Mai karatu, bari in fara da tambayar da na san za ka yi saurin amsawa. A ce ƙasa ce mai mutum dubu 50 da 'yan kai, ga asibiti yana neman gyara, ga tsofaffi suna jiran kulawa, sai aka ɗebi kuɗin baitulmali aka ba mawaƙa su shirya wasan da kowa ya san ba zai mayar da kuɗinsa ba. An yi adalci? Na san za ka ce a'a. Ni ma da farko haka na ce. Amma dakata tukuna, mu leƙa wasu tsibirai mu dawo.

Tsibiran Faro guda 18 ne, suna can tsakiyar teku tsakanin Sikotland da Norwe da Aisland. Suna ƙarƙashin masarautar Danmak, amma tun 1948 suke da mulkin kansu na cikin gida. Mutanensu kimanin dubu 54 ne, kuma kifi ne kusan duk abin da suke sayar wa duniya. Suna da harshensu, wanda ya sha wuya. Kimanin shekaru 300 ba a rubuta shi, domin harshen Danmak ne ya mamaye coci da makaranta da ofis. Sai a 1846 wani malami, Hammershaimb, ya tsara masa ƙa'idar rubutu, kuma sai a 1938 aka yarda a koyar da yara da shi a makaranta. To me ya riƙe harshen duk tsawon lokacin nan? Waƙa ce. Mutane kan riƙe hannun juna su yi da'ira, taku biyu hagu, taku ɗaya dama, ba ganga ba algaita, suna rera dogayen waƙoƙin tarihi, wasu masu ɗaruruwan baitoci.

A watan Oktoba na 2006, a birnin Torshavn, aka nuna opera ta farko a tarihin mutanen nan. Opera wasan kwaikwayo ne na dandamali wanda ake rera maganganunsa maimakon a faɗe su, ga tarin makaɗa a gaban dandamalin. Sunleif Rasmussen, ɗan tsibirin Sandoy, shi ya tsara kiɗan, labarin kuwa an ɗauko shi daga wani gajeren labari na marubucinsu William Heinesen. An yi wasan ne a zauren da gwamnatocin ƙasashen arewacin Turai suka haɗa kuɗi suka gina, aka buɗe shi a 1983. Ka ga ke nan tun daga rufin da aka zauna a ƙarƙashinsa, kuɗin tallafi ne.

Yanzu mu yi lissafi. Opera tana cin mawaƙa, makaɗa, masu ɗinki, kafintoci, masu fitila, da watanni ana gwaji. Ko a manyan biranen Turai kuɗin tikiti ba ya ɗaukar nauyinta. Tun asali ma a fada aka haife ta: shahararren wasan Monteverdi na 1607 a gidan sarautar Mantuwa ta Italiya aka yi shi, da kuɗin masu sarauta. To ina ga tsibirin da ko kowa da kowa ya sayi tikiti, har jarirai, ba za su cika babban filin ƙwallo ɗaya na Landan ba?

Nan ne maganar take. Kasuwa ƙirgen kai take yi. Harshe mai mutum miliyan 300 yana ciyar da mawaƙansa da kansa, mai dubu 54 kuwa ba zai iya ba, komai daɗin waƙarsa. In muka ce duk abin da bai mayar da kuɗi ba kada a yi shi, mun yanke hukunci ke nan cewa manyan harsuna kaɗai ke da ikon yin manyan ayyuka, ƙanana su tsaya kallo. Kuma yaron da ya tashi bai taɓa jin an yi wani babban abu da harshen uwarsa ba, ba sai an gaya masa ba, da kansa zai ɗauka harshen na kicin ne da bakin teku. Maganar asibiti gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma asibiti raya mutum yake yi, ba ya gaya masa ko shi wane ne.

Za ka iya cewa, ai opera kayan aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce gare mu, mu da muka shekara da shekaru muna cacar baki kan rawa da waƙa irin ta Indiya a finafinanmu. Abin da na fahimta shi ne, aro ba laifi ba ne, sai dai a duba me aka zuba cikin ƙwaryar da aka aro. An san Rasmussen da ɗauko tsofaffin karin waƙoƙin tsibiransu yana warware su yana saƙa sabon kiɗa da su. Heinesen da harshen Danmak ya rubuta littattafansa, sai ga labarinsa ya dawo gida ana rera shi da harshen Faro. Ƙwaryar ta Italiya ce, furar kuwa ta gida ce.

Inda na fi jin tsoro daban ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai neman tallafi takarda yake cikawa, kwamiti ya duba. In kwamitin yana wata ƙasa, ko burinsa jawo 'yan yawon buɗe ido ne, sannu a hankali mawaƙi zai koyi abin da ake so a ji: tumaki, hazo, jirgin ruwa, tsohuwa mai saƙa. Sai al'ada ta koma kayan ado, ana nuna wa baƙi tsibirin da suka zo da shi a ransu, 'yan gida kuwa ba su ga kansu a ciki ba. A nan kuɗin tallafi ya yi ɓarnar da rashinsa bai yi ba.

Saboda haka ni dai ga matsayina. Ba da tallafin daidai ne, amma bashi ne, kuma ba kwamiti ake bin sa ba, mutanen tsibirin ne masu bin bashin. Hanyar gane an biya ko ba a biya ba mai sauƙi ce. Masunci zai iya sayen tikiti? In ya shiga, zai gane abin da ake rerawa, har ya ji haushi ko ya yi hawaye? Bayan an tashi, an bar 'yan gida da suka koyi aikin, ko kowa ya hau jirgi ya tafi da iliminsa? An bar mawaƙi ya faɗi abin da zai sosa wa masu ba da kuɗin rai?

In amsoshin nan sun yi kyau, kuɗin bai tafi a banza ba, ko da sau biyar kacal aka nuna wasan. In ba su yi ba, to gara a kai kuɗin asibitin da muka fara magana a kansa. Yanzu sai ka koma tambayata ta farko, mai karatu, ka sake amsa ta.