Ƙwayar Likita da Ƙaurace wa Tuwo: Wanne ne Riƙon Amana?



Akwai tambayar da ke yawo a tsakaninmu tun da ciwon suga ya yawaita a gidajenmu: mutumin da ya rage tuwo da shinkafa, kuma yana shan ƙwayar likita, mai ƙoƙari ne ko ya gaza? Wasu na cewa da ƙauracewar tasa ta gaskiya ce, da bai buƙaci ƙwaya ba. Wasu kuma na cewa tunda ƙwayar tana aiki, wahalar da kai ta mene ne? Tambayar ta shafe ni, domin ina shan metformin, na kuma rage abinci mai sitaci. Ni injiniya ne, ba likita ba, saboda haka abin da zan tattauna shi ne haƙƙin da ke wuyan mai wannan lalura.

Bari mu fara da yadda abin yake. Shinkafa, tuwo, burodi, doya da fura duk suna narkewa su zama suga a jini. Insulin ne ke buɗe wa sugan hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. Idan jiki ya fara bijire wa insulin, sai a riƙa buƙatar mai yawa don yin aikin da kaɗan ke yi a da, har a kai ranar da abin da jiki ke samarwa ba ya isa. A Birtaniya, inda nake zaune, gwajin HbA1c da ya nuna 42 zuwa 47 alama ce ta cewa mutum yana bakin gaɓa, daga 48 kuwa an shiga ciwon suga. Haɗarin yana fara hawa ga baƙar fatar Afirka tun daga shekara 25, alhali ga Turawa sai wajen 40. Babban aikin metformin shi ne rage sugan da hanta ke zubawa a jini. Rage sitaci, wanda galibi ake nufin ƙasa da giram 130 a rana, yana rage sugan da ke shigowa ta baki. Kowanne da ƙofar da yake tsarewa.

Masu ganin ƙwaya gazawa ce suna da hujja. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa sauya ci da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari, metformin kuwa da kashi 31. To, amma a lura da abu biyu. Na farko, kashi 31 ba abin rainawa ba ne. Na biyu, abincin da aka bi a binciken na rage maiƙo ne da yawan ci gaba ɗaya, wanda ke nuna cewa rage sitaci hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Wanda ya mai da ita ma'aunin jarumtar mutane ya ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba.

A aikinmu, ba a gina gada daidai da nauyin da ake tsammani kawai. Ana ƙara mata ƙarfi saboda ranar da lissafi zai saɓa. Babu injiniyan da ke jin kunyar ginshiƙi na biyu. Abin kunya shi ne a cire ginshiƙi motoci na bisa, don a nuna cewa ɗayan ya isa. Haka nake kallon ɗan'uwan da ya ga sugansa ya sauka, ya ajiye magani a ɓoye, yana kiran hakan tawakkali. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mai raƙumar da aka umarta ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah ya riga ya warware wannan. Ƙwaya sababi ce, ƙauracewa ma sababi ce, waraka kuwa ta Allah ce.

Masu cewa ƙwaya ta wadatar su ma akwai gyara a maganarsu. An auna maganin ne gwargwadon lodin da ake ɗora wa jiki. Wanda ya riƙa ƙara lodi yana dogara da ƙwaya, ƙarshensa a ƙara masa wata. Haka kuma wanda ya sauke lodin farat ɗaya bai faɗa wa kowa ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga ƙasa da kima, amma mai shan gliclazide ko mai allurar insulin, idan ya yanke sitaci bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma, wataƙila yana tuƙi da yara a mota. Mai shan dapagliflozin ko empagliflozin kuma, idan ya matsa ƙauracewa sosai, jininsa na iya yin tsami mai hatsari ko da awon suga bai nuna tashi ba. A nan ne tambayar ta zama ta gaskiya da amana. Likita yana yanke hukunci ne da abin da ka gaya masa. Idan ka ɓoye masa rabin labari, kai ka ɓata masa awo, kuma iyalinka ne za su biya. Wannan ya ƙara nauyi idan azumin Ramadan ya matso.

Akwai ƙalubalen da ya fi waɗannan ƙarfi, ban kuma ga dalilin kauce masa ba. Kifi, ƙwai, nama da ganye sun fi buhun shinkafa tsada. Ɗalibi mai aikin dare, ko magidancin da ke aika rabin albashinsa gida, ba shi da zaɓin da nake da shi. Ga kuma gado: mutum biyu za su ci kwano ɗaya shekara ashirin, ɗaya ya kamu, ɗaya ya tsira. Saboda haka lambar da ke kan takardar gwaji ba ta auna halin kowa. Abin da ake tambayar mutum shi ne yadda ya yi da ikon da aka ba shi. Wanda ƙarfinsa ya tsaya ga rage malmala biyu zuwa ɗaya, ya ƙara miyar kuka da wake, ya taka bayan cin abinci, ya sha maganinsa a kan lokaci, ya sauke nauyin da ke kansa.

Sai batun mai masauki, wanda a ƙasar baƙunci ba ƙaramin abu ba ne, domin kwanon walima na cikin abin da ya rage yana haɗa mu. A hadisin Abdullahi ɗan Amr da ke cikin Buhari, an ambaci haƙƙin jiki tare da na iyali da na baƙo, aka hana shi tsananta wa kansa ko da a ibada ne. Darasin da na ɗauka shi ne a ba kowane haƙƙi rabonsa. Ina zuwa, ina zama, ina cin nama da miya da 'yar shinkafa, idan an matsa in ce likita ya sa mini iyaka. Ba na yi wa kowa wa'azi a kan kwanonsa. Mai masauki kuma ya sani cewa karramawa ba ta cika da tilasta ƙari.

Amsata ke nan: jiki amana ne, mai riƙon amana kuwa yana amfani da duk sababin da ya halatta, yana faɗin gaskiya ga wanda ke taya shi tsaro, ba ya kuma yi wa ɗan'uwansa gori. Kafin ka rage tuwo ko ka rage ƙwaya, je ka zauna da likitanka.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.